Dutsen da Ya Kusa Cinye Mini Sauka

Ni ɗan Gwaram ne, kuma duwatsun da na sani a wajenmu kurame ne. Ko da taɓarya ka doke su ba abin da za su ce maka, sai dai hannunka ya yi tsami. Shi ya sa ranar da Baba ya kai ni karatu Birnin Kudu, ya damƙa hannuna a hannun Malam, Malam ya shiga jero mini dokokin zaurensa, ta ƙarshen ce kaɗai ba ta ba ni tsoro ba.

Dokokin kuwa ba kaɗan ba ne. Ba zuwa dandali, ba kallon dambe, ba yawo kai ba hula. Ba tsayawa inda ake kiɗan garaya, ko da ƙaya ce ta soke ka a wurin, sai ka ɗingisa ka wuce ka cire ta a gaba. Da ya gama waɗannan sai ya ɗaga yatsa ya nuna bayan gari.

Ya ce, "Kuma ba kaɗa dutse. Wanda ya kaɗa dutse ya fita daga zaurena, ko da aya ɗaya ce ta rage masa ya sauke. Ka ɗauka?"

Na ce, "Na ɗauka, Allah gafarta Malam."

A raina kuwa cewa nake, wane mahaukaci ne zai kaɗa dutse? Da cewa ya yi kada in tatsi bishiya, da wannan ma na ɗauka.

A gidan Kawu nake kwana, ƙanin Inna. Marini ne, hannuwansa sun rine da shuni har gwiwar hannu, magana kuwa sai ka roƙe shi. Don haka ba shi ya yi mini bayani ba, kunnena ne ya yi. Wata yamma muna wanke alluna sai na ji wani sauti daga bayan gari, ba ganga ba, ba ƙararrawa ba, wani abu ne tsakaninsu, yana shiga ta kunne ya sauka har tafin ƙafa. Na saki allona a ruwa. Yaran garin suka yi ta yi mini dariyar ƙauyanci, suka ce ai dutse ne. In za a yi biki, 'yan mata ke raka amarya can sama, su kaɗa, su yi zamiya a kan santsin dutsen, su sauko da yamma. Malam ya ce wannan ragowar al'adar mutanen da ne, waɗanda suka zana jajayen shanu a jikin kogo tun ba a san alƙibla ba a ƙasar nan.

Na riƙe dokar, a shaide ni. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, na yi tsawo har rigar da aka kawo ni da ita ta koma wa ƙanina. Duk lokacin da dutsen ya yi magana sai in danne yatsuna a ƙarƙashin cinya in ƙara ɗaga murya a karatu, har Malam ya ɗauka tsabar himma ce.

Ana haka na kai ƙarshen izu na sittin. Malam ya kira mai zayyana, aka feƙe mini sabon allo mai faɗi kamar ƙyauren ɗaki, aka ƙawata shi da ja da kore da ruwan ɗorawa, aka rataye shi a bangon zaure daidai saman kan Malam. Wanda bai yi karatun zaure ba ba zai gane girman allon nan ba. Ko ka haddace komai har kana yi a cikin barci, in malaminka bai miƙa maka allon zayyana gaban jama'a ya ja maka karatu ka bi ba, ba ka sauke ba. Ba malamin ilimi da zai buɗe maka littafi, domin tambayar farko ita ce, wa ya sauke ka? Aka sa rana, Larabar da za ta biyo bayan tsayuwar wata. Aka aika Gwaram. Labari ya dawo cewa Baba ya ware rago, kuma rabin unguwarmu sun ce da su za a zo, har da waɗanda ba su san sunana ba.

Ni kuwa tafiyata ma ta sauya. Ina wucewa ta gaban allon nan sai in yi kamar ƙuda ya shiga idona, don in samu in ɗaga kai.

To, a daidai lokacin ne geron Malam ya ƙosa, jan-baki suka sauka. Tsuntsayen nan in sun taso, rana ma sai ta nemi kafar leƙowa. Mu ɗalibai mu ke noma gonar, mu ke tsaronta, sai juyi ya zo kaina. Gonar kuwa a gindin dutsen take, kai ka ce da gangan aka ajiye ta can don a jarraba ni.

Na hau rumfar tsaro na yi ta jan igiyar da aka rataya wa sakaina, na yi ta wurga majajjawa, na yi ta ihu. Tsuntsayen su tashi daga gabas su sauka a yamma, suna kallona suna ci. Kafin rana ta take muryata ta koma ta kwaɗon da aka taka. Na gwada jan aya ɗaya don in ji, sai na ji kamar ana jan ƙyauren kara. Ni da zan yi karatu gaban mutanen gari biyu, da wannan maƙogwaron?

Sai wata dabara ta zo mini, irin dabarun da kan zo wa mutum yana jin yunwa. Na ce, Malam kiɗa ya hana. Korar tsuntsu kuwa ba kiɗa ba ce. Bugu ɗaya zan yi.

Na hau. A bakin kogon ga wani shimfiɗaɗɗen dutse da ya ɗan ɗaga daga ƙasa, jikinsa duk ramuka masu santsi kamar cikin turmi, inda hannayen mutane suka cinye shi tun kakannin kakanni. Ga 'yan duwatsun bugun nan a zube a gefe. Jajayen shanun suna jikin bango da dogayen ƙahoninsu, suna kallona. Na ɗauki dutse ɗaya na ɗora.

Ƙwaaang!

Wallahi gonar gaba ɗaya ta tashi sama. Tsuntsayen suka yi baƙi ƙirin suka nufi hanyar Sundimina, ina jin wasunsu har yau ba su sauka ba. Aiki ya yi. Da na ajiye dutsen nan na sauka, da ba labarin da zan bayar.

Amma ramin da ke kusa da shi fa? Shi ma irin muryarsa ke nan? Na taɓa shi kaɗan. Ashe daban! Na farkon yana magana kamar tsoho mai kaurin murya, na biyun kamar yarinyar da aka aika ta ƙi zuwa. Na uku ya shiga tsakaninsu yana rabon faɗa. Ban san lokacin da hannuna na hagu ya ɗauki nasa dutsen ba. Duk abin da na danne a ƙarƙashin cinya tun zuwana garin ya ɓalle lokaci guda. Dum, ƙwal, ƙwal, dum! Kogon ya karɓa ya mayar mini ninki biyu. Hulata ta faɗi ban nema ba.

Da na leƙa ƙasa, 'yan mata masu itace sun yar da kayansu sun yi da'ira suna tafi. Wata mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta ta shiga tsakiya. Wani tsoho mai jaki ya tsaya wai yana tsawata musu, amma kafaɗarsa tana motsi, jakin ma na ga yana gyaɗa kai. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Sai na ga wani dogon wuya ya ɓullo ta bayan kogon, da kai a samansa. Babban gardin zaurenmu ne, wanda ke riƙe da bulala in Malam ya shiga gida. An aiko shi ya kawo mini fura.

Ya ce, "Sannu da aiki, makaɗi."

Ko furar bai ba ni ba.

Da la'asar aka tara zaure gaba ɗaya, har 'yan ƙananan da ke koyon baƙaƙe. Na durƙusa a tsakiya. Malam bai ɗaga murya ba, shi ne abin da ya fi tsorata ni.

"Kai ka kaɗa?"

"Allah gafarta Malam, tsuntsaye nake kora."

"Tsuntsayen ne suka ci ɗamara suna rawa a gindin gonata?"

Wani yaro ya ƙyalƙyale, gardi ya harare shi ya haɗiye sauran. Malam ya miƙe, ya sa hannu ya juya allon zayyanata, fuskarsa ta koma bango, sai farin bayansa ke kallonmu. Ya sa aka naɗe buzun da nake zama a kai aka ajiye shi a waje.

Ya ce, "Daga yau ba ya cikinmu. Ba mai cin abinci da shi, ba mai magana da shi. Sallama kaɗai za ku amsa masa, domin ita ba tawa ba ce balle in hana."

Na fita na ɗauki buzuna. Ban yi kuka ba sai da na sha kwana, a nan ne na yi wanda ya isa a jiƙa ƙasar gini.

Ka san ni da surutu. Hana ni magana ya fi hana ni tuwo. Abokaina in sun hango ni sai su shiga nazarin ƙasa kamar sun yar da allura. Da abin ya ishe ni sai na tuna ƙofa ɗaya da Malam ya bari a buɗe. Na tare su a bakin rijiya na ce, "Salamu alaikum." Suka amsa. Na zagaya ta bayan rijiyar na sake fitowa, "Salamu alaikum." Suka amsa. Na koyi yin ta da murya iri-iri, akwai mai nufin yaya zaure, akwai mai nufin ku ajiye mini tumu, akwai wadda nake ware wa gardi, mai tsawo da lanƙwasa, wadda dole ya amsa yana cizon haƙori. A 'yan kwanakin nan na yi sallamar da ta ishi mutum ɗaya har tsufansa.

Amma dariyar ba ta kai ciki ba. Wata ya kusa tsayawa, Baba yana can yana gayyatar mutane. Kawu ya wanke hannu, wanda ba abin da ya rage a shuɗin, ya tafi ba da haƙuri. Ya dawo ya zauna a bakin karofi, wurin rininsa, ya ce, "Ya ƙi." Maganar da ya yi ke nan duk ranar.

Ana cikin haka sai ga Iya.

Iya kakata ce ta wajen uba, 'yar garin Maruta, ƙarama kamar tsintsiya, bakinta kuwa ya fi jikinta nauyi. Ta ce ba za ta jira 'yan rakiya ba, ita za ta tsaya a kan girkin saukar mijinta, wato ni. Ta bi ayarin fatake, don ba a bin hanyar nan ɗai-ɗai saboda mahara, suka kwana a Sara, ta iso da hantsi da ƙullin daddawa a ka, tana jan ragon, ko kuma ragon yana jan ta.

Tun daga ƙofar gida ta fara. "Ina maigidan nawa? Ina alaramma? Fito in ga ko rawani zai zauna a wannan kan mai kama da goran nono!"

Na fito ina sunkuyar da kai. Na ce, "Sannu da hanya, tsohuwa."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Wa ya mutu?"

Kawu ya gaya mata cikin kalmomin da ba su cika hannu ba. Na jira ta fashe da salati. Sai ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Kiɗan dai ya yi daɗi?"

"Iya, har jaki ya yi rawa."

Ta kai mini ranƙwashi a tsakar ka. "Ja'iri. Ɗauko igiyar ragon nan mu je."

A ƙofar zaure ta durƙusa daga waje, ni kuma na tsaya can nesa inda korarre ya kamata ya tsaya. Bayan gaisuwa ta ce, "Allah gafarta Malam, ragon nan shi ma korarre ne? Tun daga Gwaram yake tafe, bai taɓa dutsen kowa ba."

Malam ya ce rago ba shi da laifi. Aka shigar da shi cikin gida, aka zuba masa harawa. Ina tsaye a rana ina jin sa yana taunawa.

Ta ce, "To, tambaya gare ni. Karatun nan yana cikin yaron ko ba ya ciki?"

"Yana ciki."

"Dutsen ya tsotse wani abu?"

"Bai tsotse ba."

"To a ba shi allonsa mana. Shi ya yi wahalar, shi ya sha hayaƙin kara a karatun dare. In horo ne, ga bayansa ga bulala, ni da kaina zan riƙe muku ƙafafun."

Malam ya ce, "Iya, allon nan ba karatu kaɗai yake faɗa ba. In na miƙa masa gaban mutane, cewa na yi na san yaron nan, in ya ce ya ɗauka to ya ɗauka. Hannunsa a cikin nawa ya yi alkawari. Ɗan ƙanwata na kora a kan dutsen nan, saura kaɗan ya sauke, yau yana can yana saƙa ba allo. In na ɗaga wa jikanki, me zan ce wa uwar wancan?"

Iya ta buɗe baki ta rufe. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin haka ba.

A hanyar komawa ta yi ta huci. Ta ce ai a Gwaram ma akwai malamai, a can za a sauke ni. Da muka isa gida Kawu ya ce, "Ba mai karɓar korarren wani." Na san gaskiya ya faɗa. Malaman ƙasar nan sun san juna kamar 'yan ɗaki ɗaya, kuma kafin in isa Gwaram labarina ya riga ni.

Washegari da sassafe ta tashe ni da ƙafa. Ta ɗauki mazarinta da audugarta, ta ce in ɗauko buzuna. Bayan zauren Malam akwai danga, bayan dangar akwai tsamiya, ƙarƙashin tsamiyar kuwa hanya ce ta kowa da kowa. Nan ta sa na shimfiɗa.

Ta ce, "An hana ka zaure, ba a hana ka karatu ba. Fara daga farko, da ka, kuma da ƙarfi. Akwai inda kake tuntuɓe?"

"Ni? Iya, ni fa allon zayyana aka yi wa."

"To mu ji."

Na ɗauka so take Malam ya ji gwanintata ya yi nadama. Muryata ta dawo, na saki abata. Na yi ta zuba karatu kamar ruwan tsakiyar damina, ba gargada, ba tsayawa. Masu wucewa suna rage tafiya. Cikin zaure na ji hayaniyar yara ta ragu. Na saci kallon Iya don in ga ta yi alfahari, sai na ga ta haɗe rai tana murza mazari kamar shi ya yi mata laifi.

Haka muka yi ta zuwa. Kullum karatuna yana ƙara kyau, kullum fuskarta tana ƙara tsami. Har ta ce mini, "Kai wai ba ka kuskure ne? Ɗan mutum kuwa?" Na ce wannan tsohuwa tafiya ta taɓa mata kai.

Ran nan da hantsi ina tsakiyar wata doguwar sura sai na ji shi. Dum, ƙwal, ƙwal, dum. Ashe ana biki a unguwar mahauta, 'yan mata sun hau da amarya. Kuma wadda ke kaɗawa ba ta iya ba! Tana barin ramin tsakiya, mai rabon faɗan nan, tana bugun na gefe. Kunnena ɗaya ya tashi ya hau dutse, ya bar bakina yana tafiya shi kaɗai.

Akwai wani wuri a surar da farkonsa ya yi kama da wani wurin can baya. Duk mai tilawa ya san irin wuraren nan, in ba ka riƙe linzami ba sai ka zame daga wannan ka faɗa wancan. Na zame ban sani ba. Na bi ta can baya na taho, na taho, na iso wurin, na sake zamewa. Ina ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke, da murya mai daɗi kuwa, har da jan wuya.

Abokaina sun ba ni labarin abin da ya faru a ciki. Zaure ya yi tsit. Kowa ya ji kuskuren, ba mai ikon faɗa. Wani ya cusa hula a baki. Malam ya yi gyaran murya, ya gyara zama, ya ɗauki alƙalami ya ajiye. Da na zagayo ya sake gyaran murya har ya yi tari. Da na kuma nufo wurin, sai na ji tsawa ta tsallako danga.

"Kai! Ba nan ba! Koma!"

Ya ja ayar daidai. Bakina, da ya saba tun ina ƙarami, ya bi shi kafin hankalina ya sauko daga dutse. Ya ja ta gaba, na bi. Ya ja ta gaba, na bi. Sai ya tsaya cak.

Iya ta ajiye mazari. Fuskarta ta washe har na ga haƙoran da suka rage mata duka.

Ta ɗaga murya ta ce, "Yaran zaure, ku shaida! Ni tsohuwa ce, ban san doka ba. Amma malami na aura, na zauna da shi har Allah ya karɓi abinsa, ko barci yake ka karkatar da aya sai ya gyara maka ya koma barcinsa. Kuma ban taɓa jin malami ya yi wa wanda ba ɗalibinsa ba biya, yana ja yana bi."

Sai a lokacin na gane abin da take jira tun farko.

Malam ya zagayo da kansa, ba takalmi. Yara suka leƙo ta kowace kafar danga. Bai kalli Iya ba, ni ya kalla.

Ya ce, "Dubi hannunka."

Na duba. Yatsuna suna kan gwiwata suna gyara wa yarinyar can kiɗanta.

"Ka ga abin da ya sa na hana? Ba shanun jikin kogo nake tsoro ba. Abin nan in ya shiga kunne wurin zama yake nema, kuma ba ya samu sai ya ture wani abu. Yau ka ga abin da ya ture."

Na danne hannun a ƙarƙashin cinya. Na ce, "Na gani, Allah gafarta Malam."

Ya shafa gemu. Can ya ce, "Wanda na kora na kore shi, maganata ba ta dawowa. Ɗan ƙanwata da ya fita, ƙeyarsa kaɗai na gani, bai sake waiwayo ba, balle ya zauna a bayan dangata. Amma ban taɓa hana sabon ɗalibi shiga ba. Sabo kuwa waliyyinsa ke kawo shi, a bakin ƙofa yake zama, kuma daga farko yake farawa."

Iya ta ce, "Allon fa?"

"Allon yana kallon bango har sai sabon ya iso inda tsohon ya tsaya."

Ban jira sauran ba. Na zura da gudu karofi, na tsallake ramukan rini kamar barewa, na janyo Kawu yana tsakiyar matse zane. Haka ya zo hannu jiƙe ya kama nawa ya sa a na Malam. Malam ya sake jero dokokin tun daga dandali har zuwa dutse.

"Ka ɗauka?"

Wannan karon kam na san abin da ake hana ni. Na ce, "Na ɗauka."

Da muka saki hannu, tafin Malam ya yi shuɗi. Ya daɗe bai fita ba, kullum ya ɗaga hannu zai yi nuni sai yara su sunkuyar da kai suna danne dariya.

Aka shimfiɗa buzuna a bakin ƙofa cikin 'yan ƙanana masu majina. Ni da gemu ya fara tunanin fito mini, ga ni da ɗan allo kamar tafin hannu ina rera baƙaƙe. Wani ɗan mitsitsi da ke gefena har gyara mini zama yake, wai shi ya riga ni shiga. Da Malam ya ga horon ya isa sai ya bar ni in riƙa kawo izu-izu da ka. Wurin da na zame kuwa ya sa na maimaita shi har na fara jin sa a cikin taunar tuwo.

Iya ta aika wa Baba cewa a dakata sai bayan girbi, wai rago bai yi ƙiba ba. Wahalar banza ta yi, labarin ya riga ɗan aiken shiga kasuwar Gwaram, har an ƙara masa cewa jakuna goma ne suka yi rawa. Ita kuwa ta ƙi komawa, ta ce ba ta barin miji a hannun dutse. Tsaron gona aka mayar wa gardi. Ya yi ta ihu har muryarsa ta tafi, tsuntsaye suka ci rabonsu, ni dai ban ce komai ba, sallama kawai na yi masa.

Da aka gama cika rumbuna, wata Laraba da safe, Malam ya sa hannu ya juyo da allon. Jan nan da koren nan suka dubi zaure kamar ba su taɓa fushi da ni ba. Mutanen Gwaram suka cika ƙofar gida har kan hanya. Baba bai ce mini komai a kan dutse ba, sai dai da yake naɗa mini rawani ya ja shi ya rufe kunnuwana biyu ruf, ya ƙara ɗaurewa. Malam ya ja, na bi, muryata ta fita tas har bayan danga. Ragon, wanda zaman gidan Malam ya mai da shi kamar ɗan maraƙi, ya ishi kowa har da 'yan unguwar mahauta.

Da yamma aka fita da ni zagayen nuna allo gidajen dangi da abokan arziki. Gidan wani abokin Kawu yana bayan gari, hanyar kuwa ta gindin dutsen ta bi. Muna isowa daidai gonar Malam, wasu yara masu kiwo a can sama suka ɗora. Dum, ƙwal. Su ma ba su san ramin tsakiya ba.

Allah ya taimake ni allon nan faɗi gare shi, sai da hannu biyu ake riƙe shi. Na ƙanƙame shi a ƙirji na ƙara sauri. Daga bayana na ji sandar Iya ta zungure ni a haƙarƙari.

Ta ce, "Riƙe da kyau, maigida. Ba mu da wani ragon."